Dalma a Gindin Bututun Hayaƙi: Tarihin Wata Sana'ar Rufi a Ingila

A ƙasashen sanyi irin Ingila, inda ake hura wuta cikin ɗaki don jin ɗumi, da wuya a ga tsohon gida da ba shi da bututun hayaƙi. Gini ne na jan bulo ko dutse da ke tasowa daga murhu, ya ratsa benaye, ya huda rufi ya fito sama. Inda ya huda rufin nan ne ruwan sama ya fi samun kafar shiga. Bututun yana tsaye kan harsashinsa, ga nauyi, ba ya motsi in ban da ɗan zaman da gini kan yi bayan shekaru. Shi kuwa rufi katako ke ɗauke da shi, katako kuma yakan kumbura idan ya sha danshi, ya tsuke idan ya bushe, iska ma tana girgiza shi. Duk kwaɓi mai tauri da aka cusa tsakanin abubuwa biyu masu wannan saɓanin hali, ba a jimawa yake tsagewa. Maganin da maginan Ingila suka tsaya a kansa shi ne fallayen dalma da ake lanƙwasawa a gindin bututun, a cusa bakinsu na sama cikin layin bulo, a bar na ƙasa kwance kan rufi ba tare da an ɗaure shi tamau ba. Sai dai dalma ta girmi bututun hayaƙi nesa ba kusa ba, kuma ta yi ɗaruruwan shekaru a kan rufin manya kafin ta sauko gidan talaka.

Halayenta ne suka ba ta wannan aiki. Tana da taushi, har ana yanka ta da wuƙa, a bubbuga ta da sandar katako ta bi siffar abin da ke ƙarƙashinta. Tana narkewa a zafin digiri 327, wanda wutar itace ma ta isa ta kai. Ba ta tsatsa irin ta baƙin ƙarfe: idan ta sha iska da ruwa sai fuskarta ta yi fari-fari, daga baya ta koma ruwan toka, wannan ɓawon kuma shi ke kare abin da ke ciki. Nauyinta ya ninka na ruwa sau goma sha ɗaya da 'yan kai, don haka iska ba ta ɗaga ta da sauƙi. Dutsen da ake fitar da ita daga cikinsa, galena, baƙi ne mai ƙyalli, irin wanda ake niƙawa a yi tozali a ƙasar Hausa.

Romawa sun shiga Birtaniya a shekara ta 43 miladiyya, kuma cikin shekara shida har sun fara haƙar dalma a tsaunukan Mendip, domin an tono curin dalma mai hatiminsu na shekara ta 49. Azurfar da ke tare da ita na cikin abin da suke nema, ita kanta dalmar kuma suna yin bututun ruwa da tankuna da ita. Marubucinsu Pliny ya ambaci cewa a Birtaniya ana samun ta kusa da doron ƙasa da yawan da ya sa aka kafa doka don taƙaita haƙarta. Bayan tafiyar Romawa, coci ce ta zama babbar mai saye. Wajen shekara ta 670 Bishop Wilfrid ya tarar da cocin York tana yoyo, ya sa aka rufe ta da dalma. Malamin tarihi Bede ya ba da labarin Bishop Eadberht na Lindisfarne, wanda kafin ƙarshen wannan ƙarni ya sa aka yaye jinkar cocinsa aka lulluɓe rufi da bango da fallayen dalma. A shekara ta 835 an ba da wata ƙasa a Wirksworth, cikin yankin Derbyshire, bisa sharaɗin a riƙa kai wa cocin Canterbury dalma ta sule 300 kowace shekara, kuma littafin ƙidayar dukiya da Sarki William ya sa aka yi a 1086 ya lissafa wuraren narkar da dalma a wannan yanki.

A wancan zamani, sau da yawa a harabar ginin ake zuba fallen. Ana kafa dogon tebur mai baki, a shimfiɗa masa yashi mai ɗan danshi, a daddale shi sumul. A narka dalma a tukunya, a juye ta cikin wani kasko da ke kan tebur ɗin, a karkata shi ta malala kan yashin. Nan take mutum biyu, ɗaya a kowane gefe, za su ja wani katako a kan bakin tebur da sauri, ya share rarar zuwa ƙarshe, ya bar kaurin da ake so. Idan sun yi nawa dalmar ta daskare musu a hanya, idan yashin ya jiƙe da yawa ta yi tartsatsi. Fallen da ke fitowa yana da kauri da nauyi, fuska ɗaya sumul, ɗayar da ƙaiƙayin yashi. Amfanin wannan hanya shi ne idan rufi ya tsufa sai a sauke shi, a narka, a sake zubawa a mayar.

Masu wannan aiki a Landan sun samu dokokin ƙungiyarsu a 1365, Sarki James na Ɗaya kuma ya ba su takardar amincewar masarauta a 1611. Su ke yin rufi da indararo da tankin ruwa da bututu, har da akwatin gawar manya, kuma masu gyaran famfo na yau magadansu ne a sana'a. Tun wajen 1240 akwai umarnin Sarki Henry na Uku cewa a tsawaita indararon dalma na Hasumiyar Landan har ƙasa, don kada ruwan sama ya ɓata farar ƙasar da aka shafa wa bango. Amma duk wannan aikin fada ne da coci.

Gidan talaka a lokacin ba shi da bututun hayaƙi. Tsakiyar babban ɗaki ake hura wuta, hayaƙi ya tashi ya nemi hanya ta jinka ko ta wata 'yar kafa a tsororuwar rufi. Gidajen sarauta ne suka fara gina murhu cikin bango, kuma ɗaya daga cikin mafi tsufan da suka rage yana ganuwar Conisbrough a Yorkshire, ginin wajen 1185. Sai a ƙarni na 16 abin ya bazu. William Harrison, a littafinsa na bayanin Ingila da ya fito a 1577, ya ce tsofaffin ƙauyensa suna lissafa yawaitar bututun hayaƙi cikin manyan canje-canjen da suka gani da idonsu. Dalilan a fili suke: jan bulo ya samu, mutane sun fara son bene da ɗakunan kwana dabam, itace kuma ya yi tsada a birane, aka koma ƙona kwal ɗin da jiragen ruwa ke kawowa daga Newcastle, wanda hayaƙinsa ba ya zaunuwa a ɗaki. Kafin a yi nisa murhu ya zama ma'aunin arziki, har gwamnati ta ɗora masa haraji daga 1662 zuwa 1689, sule biyu a shekara kan kowane murhu.

Bututu ya fitar da hayaƙi amma ya buɗe wa ruwa ƙofa, kuma maganin farko bai shafi dalma ba. A gidajen jinka da na dutse, magini yakan bar wasu duwatsu masu faɗi su ɗan fito daga jikin bututun, a cusa jinkar ƙarƙashinsu, ruwan da ya gangaro ya ɗiga a kanta maimakon ya bi bango ya shige. A tsibirin Jersey har yau ana ganin irin waɗannan duwatsu a sama da rufin da aka canza daga jinka zuwa tayil, kuma almarar mutanen wurin ta mayar da su wurin hutun mayu. A gidajen tayil kuwa ana dama farar ƙasa da yashi, wani lokaci da gashin dabba, a yaɓa a kusurwar da bututu ya haɗu da rufi, ko a jera gutsattsarin tayil a karkace cikin kwaɓin. Farar ƙasa tana da ɗan sassauci, don haka takan yi shekaru, amma gyara ne da ake maimaitawa.

Dalma ta cika kasuwa ta wata hanya da ba a zata ba. Tsakanin 1536 da 1541 Sarki Henry na Takwas ya rushe gidajen ibadar 'yan zuhudu, kuma cikin abubuwan farko da wakilansa ke lissafawa akwai dalmar rufi. A yaye ta, a hura wuta da katakon cocin kanta, a narka ta curi-curi a buga hatimin sarki. Da zarar rufi ya tafi, sauran aikin ruwan sama ke ƙarasawa, shi ya sa yawancin waɗannan gine-gine suka zama kufai. A kufan gidan ibadar Rievaulx an tono wasu daga cikin curin a shekarun 1920, inda ɓaraguzai suka binne su, aka yi amfani da dalmar wajen gyaran wata babbar tagar gilashi a cocin York. Attajiran da suka sayi filayen coci sun gina manyan gidaje masu dogayen bututu da indararon dalma mai ado, a nan ne ma'aikacin dalma ya fara sabawa da aikin gidan zama.

Masifu biyu suka ƙara sauya fasalin Landan. Gobarar 1666 ta cinye mafi yawan tsohon birnin, dalmar rufin cocin St Paul ta narke ta malala kan titi, kamar yadda John Evelyn ya rubuta a littafin ajiyar labaransa. Dokar sake gini ta 1667 ta wajabta bulo ko dutse, aka samu jerin gidaje manne da juna, bututunsu cikin bangon da ya raba maƙwabta, daga baya kuma magudanan ruwa a bayan katangar rufi waɗanda dalma kaɗai ke iya shimfiɗewa ciki. Sai guguwar ƙarshen Nuwamba 1703, wadda ta kayar da bututu kimanin 2,000 a Landan, ta nannaɗe dalmar rufin cocin Westminster, ta kuma kashe Bishop Richard Kidder da matarsa a Wells lokacin da bututu ya rufto musu a kan gado.

A tsakanin waɗannan shekaru ne sabuwar hanyar yin falle ta shigo. A shekarun 1670 wani kamfani ya fara murza curin dalma tsakanin manyan naɗin ƙarfe har ya zama falle siriri mai kauri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Jiragen yaƙi aka fara lulluɓewa da shi, amma aka daina da aka ga yana sa ƙusoshi da sauran ƙarafan jirgi su ci. Sai kamfanin ya juya kan rufi, ƙungiyar masu zubi kuma ta yi masa ca. Suka ce murza tana gajiyar da dalma, masu murza suka ce ta zubi cike take da ramukan yashi, wani wuri kauri wani wuri siriri. Kowane ɓangare yana da 'yar gaskiyarsa, amma a batun gindin bututu masu murza ne suka ci: aikin yana son falle siriri mai lanƙwasuwa, mai araha, wanda mutum ɗaya zai naɗe ya hau tsani da shi.

Ƙarni na 19 ne ya kai dalma kan rufin kowa. Ma'adinan Derbyshire da arewacin tsaunukan Pennine da Wales sun sa Birtaniya a sahun gaba na masu fitar da dalma a duniya, har zuwa wajen 1880 da ta Sifaniya da Amurka, daga baya ta Ostareliya, suka karya farashi. An soke harajin allon dutsen rufi a 1831, na bulo a 1850, jirgin ƙasa kuma ya riƙa kwaso allon dutse daga wuraren fasa dutse na Penrhyn da Dinorwig zuwa garuruwan masana'antu. Allon dutse siriri ne shimfiɗaɗɗe, kuma da shi ne tsarin da ake bi har yau ya kankama.

Tsarin yana da sassa huɗu, daga ƙasa ake farawa zuwa sama, don kowane falle ya hau kan na ƙasa da shi. Na farko shi ne na gaba, wanda ke rufe fuskar bututun da ke kallon gangare, ya sauko ya kwanta kan allunan dutse. Sai gefuna biyu. A nan ana yanka ƙananan fallaye, a lanƙwasa kowanne gida biyu, a saka ɗaya ƙarƙashin kowane allo, rabi kwance rabi jingine da bulo, ta yadda ba a ganinsu idan an gama. A kansu ake ɗora dogon falle da aka yayyanka bakinsa hawa-hawa yana bin layukan bulo, kuma wannan yankan matakala shi ne abin da mai wucewa ke hangowa daga titi. Na ƙarshe, wanda ya fi wuya, shi ne na baya, inda duk ruwan da ya gangaro daga tsororuwa ke cin karo da bututu. A nan ake kafa ɗan dandamalin katako, a shimfiɗa masa dalma ta zama magudana mai karkatar da ruwa hagu da dama. Ganye da ƙanƙara a nan suke taruwa, yoyo ma galibi daga nan yake farawa.

Bakin kowane falle ana lanƙwasa shi ya shiga layin bulo kimanin milimita 25, bayan an ƙwaƙule tsohon kwaɓi. A naɗe 'yan gutsattsarin dalma a buga su ciki su riƙe shi, sannan a toshe layin. Ba a buga ƙusa a tsakiyar falle, ba a kuma barin tsawonsa ya wuce mita ɗaya da rabi. Dalilin shi ne dalma tana miƙewa da zafi, kusan milimita uku a falle mai mita biyu idan zafi ya sauya da digiri 50, abin da rufi kan gani tsakanin ranar bazara da daren hunturu. Idan aka matse ta ko aka yi ta da tsawo, sai ta tattare, ta yi ƙunci, daga bisani ta tsage a kan ƙuncin. Akasarin dalmar da ta lalace kafin lokacinta, ɗaurin da ya yi yawa ne ya kashe ta. A da ana sayar da falle da nauyi, wato laba nawa ke cikin murabba'in ƙafa ɗaya, kuma lambobin da ake kira yau daga nan suka samo asali: lamba 3, mai kaurin milimita 1.32, ita ake sakawa ƙarƙashin allo, lamba 4 mai milimita 1.80 kuma ita ce ta waje.

Gwanintar ma'aikaci a kusurwa ake ganinta. Tsohuwar hanya ita ce bugu: da sanduna da guduma na katako mai tauri yake kora dalmar a hankali daga inda ta yi yawa zuwa inda ake buƙatarta, kamar yadda baduku ke tausa fata a kan ƙirar takalmi, har falle ɗaya ya zagaye kusurwa ba yanka ba ɗinki, kaurinsa kuma bai ragu ba. Gudumar ƙarfe ba ta taɓa shi, don tana barin tabo. A ƙarshen shekarun 1830 wani Bafaranshe, Desbassayns de Richemont, ya fito da hanyar haɗa dalma da dalma da siririn harshen wuta, ba tare da wani ƙarfen liƙi ba. Masana'antun sinadarai ne suka fara cin moriyarta, daga baya ta hau rufi, kuma yau yawancin magudanan bayan bututu yanka su ake yi a haɗa da wuta a ƙasa kafin a hau da su.

Wuta a kan rufin katako tsohuwar barazana ce a wannan sana'a. Gobarar da ta cinye rufin cocin Chartres a Faransa a 1836 daga kaskon wutar ma'aikatan dalma ta tashi, haka ta cocin Canterbury a 1872, kuma a 1989 gidan tarihi na Uppark ya ƙone ana dab da kammala gyaran dalmar rufinsa. Ɗayar barazanar gubar dalmar ce kanta, wadda ke taruwa a jiki ta kawo murɗar ciki da shanyewar wuyan hannu, ta kuma lalata ƙwaƙwalwar yara. Ita ce gubar da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, inda ake niƙa dutsen zinariya mai haɗe da dalma a cikin gidaje. Ga mai aikin rufi, hanyar shigarta ita ce ƙurar tsohon falle, da tururin narkawa, da cin abinci ba a wanke hannu ba. Birtaniya ta yi dokar musamman kan aiki da dalma a 1980, aka sabunta ta a 2002, da sharaɗin gwajin jini ga masu yawan mu'amala da ita.

Babban abokin hamayyar dalma a gindin bututu siminti ne, wanda Joseph Aspdin ya yi wa rajista a 1824. Yaɓa siminti a gindin bututu ya fi araha, kowa kuma zai iya, shi ya sa ya cika gidajen haya da gyaran gaggawa. Amma siminti ya fi farar ƙasa tauri, ba ya bin motsin rufi ko kaɗan. Yakan rabu da bulo da tsaga siririya wadda ba a hangowa daga ƙasa, ruwa ya bi ta nan ya ruɓar da katako, mai gida bai sani ba sai ya ga tabo a silin. Dalmar da aka saka daidai kuwa takan wuce shekara ɗari, sau da yawa ma ta ga bayan allunan da ke kewaye da ita.

Bayan hazon hayaƙin da ya kashe dubban mutane a Landan a Disamba 1952, dokar tsabtace iska ta 1956 ta taƙaita ƙona kwal a birane, gidaje suka koma ɗumama ɗaki da gas da lantarki. Miliyoyin bututu suka daina aiki amma suna nan tsaye, kuma bututun da ba a hura wuta a cikinsa ya fi riƙe danshi, don haka aikin gindinsa bai ragu ba. Sabuwar matsalar sata ce. Da farashin ƙarafa ya tashi daga wajen 2007, ɓarayi suka addabi rufin coci-coci da makarantu, har majalisa ta yi dokar dillalan tsofaffin ƙarafa ta 2013, wadda ta wajabta lasisi da tantance mai sayarwa, ta kuma hana biya da tsabar kuɗi a Ingila da Wales. Wannan ya buɗe kasuwa ga fallayen roba da kwalta masu launin dalma, da tutiya, da ƙarfe marar tsatsa, waɗanda ɓarawo ba ya kwaɗayi. A gine-ginen tarihi dai hukumomin adana kayan gado sun fi son a mayar da dalma inda aka cire dalma, kuma har yanzu akwai 'yan kamfanoni a Ingila da ke zuba falle kan yashi don wannan buƙata. Da cocin Notre-Dame ta Faris ta ƙone a 2019, ɗaruruwan tan na dalmar rufinta suka narke, da irin wannan falle na zubin yashi aka sake rufe ta kafin buɗe ta a Disamba 2024. Akasarin fallen da ake murzawa a Birtaniya yau daga tsohuwar dalma ake yinsa, ta batiran mota da ta rufin da aka sauke.